Kyandir Ɗin da Ya Lanƙwashe a Cikin Kabad

Kabad ɗin nan nawa ne. Da wannan zan fara, domin a duk rigimar da aka yi babu wanda ya tuna da haka. Mahaifiyata ce ta sa kafinta ya yi mini shi lokacin aurena, shekarar da citta ta yi kyau a gonarta. Aka naɗe shi da tsohon bargo kada fentin ya kuje, aka ɗora a bayan mota daga ƙauyenmu har Kafanchan. Gilashi a sama, ƙofa biyu a ƙasa, makulli guda biyu. A ƙasan nake jera farantan baƙi, da kofunan da matan zumunta suka ba ni, da rariyar da nake tankaɗe garin masara.

Mijina mai ɗaukar bidiyo ne. Biki, jana'iza, baftisma, sujadar godiya, duk inda aka kafa rumfa za ka gan shi da kyamara a kafaɗa. Idan ya dawo sai ya zuba abin da ya ɗauko a kwamfuta, ya yanka, ya jera, ya sa waƙa, sa'an nan ya bar ta tana haɗawa ita kaɗai. Haɗawar nan takan ci awa huɗu, awa biyar, kuma idan wuta ta yanke a tsakiya sai a koma farko. Layinmu da rana ake ba shi wuta. Don haka da safe yakan kunna ta, ya rataya jakarsa, ya tafi neman wani aikin.

Kwamfutarsa ta farko babba ce kamar jarka. Wata rana ta yi ƙara tas, hayaƙi ya fito ta baya, ta mutu. Da mai gyara ya buɗe, sai ga tsaka a bushe a cikin wani ƙaramin akwatin ƙarfe da suke kira fawa fak, wato inda wayar wuta take shiga. Mijina ya yi kwana biyu ba ya cin abinci da kyau. Da ya samo sabuwa, 'yar ƙarama wadda ba ta fi kwalin taliya ba, sai ya rantse ko tururuwa ba za ta ƙara shigar masa inji ba. Ya sayo baƙin salatif ya liƙe duk ƙananan ramukan da ke gefenta. Ramin baya kaɗai ya bari, inda fanka take hurawa, wai can ai iska ce take fita, tsaka ba ta da ƙarfin shiga. Daga nan ya dubi ɗakin, idonsa ya tsaya a kan kabad ɗina.

Ban ma dawo daga kasuwa ba ya kwashe farantaina ya zuba a cikin baho. Ya sa wuƙa ya yanke gefen bayan kabad ɗin don wayoyi su wuce, ya cusa kwamfutar a ciki, ya kulle, ya jefa makullin a aljihu. Wai saboda 'yarmu ta fara rarrafe, kada ta ja waya.

Ɗaki ɗaya muke da shi, a gidan haya mai ɗakuna shida, rufin kwano ba silin. Labule ne ya raba gado da kujeru. Soket ɗin da yake aiki guda ɗaya ne, a bangon da ke wajen kan gado, kuma nan kabad ɗin yake. 'Yata a lokacin tana da wata goma. Idan na shimfiɗe ta barcin rana, tsakanin kanta da katakon nan bai kai tsawon hannuna ba.

Watan Maris ne, lokacin da kwano yake gasa mutum tun ƙarfe sha ɗaya. Abin da na fara lura da shi kuka ne. Da safe injin yana wani siririn sauti da ba ya damun kowa. Kafin tsakar rana sai ya koma ihu, irin na injin niƙa idan masara ta shaƙe shi. Sai kuma wari. Ba warin hayaƙi sosai ba, wani abu ne tsakanin roba da gashi, kamar lokacin da ake ƙona bakin kitson roba da ashana. Na ɗora bayan hannuna a jikin kabad ɗin yadda nake ɗora shi a goshin yarinya, na janye da sauri.

Da ya dawo na ce, "Baban bebi, abin nan naka yana da zazzaɓi."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Zazzaɓi? To ki goya ta ki kai asibiti a yi mata allura."

"Ba wasa nake ba. Zo ka taɓa ka ji."

"Maman bebi, abeg. Inji ne, dole ya yi zafi. Janareta ba ya zafi? Dutsen guga ba ya zafi?"

"Wa ka taɓa gani ya kulle dutsen guga a kabad yana kunne?"

Sai fuskarsa ta canza. Ya ce, "Abin da ba ki karanta ba, ki bar wa waɗanda suka karanta."

Gaskiya ne, shi ya yi kwaleji, ni a aji biyu na sakandare na tsaya. Karatuna na Hausa a makarantar Lahadi na ƙarasa shi. Amma hanci ba a makaranta ake samunsa ba. Kuma duk wanda ya girma a yankinmu ya san warin ɗaki idan ya fara ci da wuta, ba sai an koya masa ba. Ni na san shi tun ina ƙarama, kuma ban manta ba.

Ranar wata Alhamis abin ya kai ni bango. Aikin jana'izar wata tsohuwar shugabar makaranta ne daga Kagoro, 'ya'yanta za su koma Abuja washegari da sassafe, suna so su tafi da bidiyon. Wuta ta zauna tun safe ba ta ko ƙifta ba. Wajen ƙarfe biyu ihun injin ya kai inda bai taɓa kaiwa ba, warin ya cika ɗakin, sai na fara jin wani ɗan ƙara a ciki, kas, kas, kamar gawayi idan ya jiƙe. Yarinya tana barci, gumi ya jiƙa mata gashi. Na kira wayarsa sau uku bai ɗauka ba. Na miƙa hannu na zare wayar daga bango.

Ashe saura kaɗan aikin ya ƙare. Kafin ya dawo an ɗauke wuta, ba a sake kawo ta ba sai bayan kwana biyu, janaretan da yake aro kuma yana wajen gyara. Babban ɗan marigayiyar ya zo da mota har ƙofar gida, ya tsaya a tsakar gida yana zuba Turanci, maƙwabta suna leƙe ta taga. Na ji kunya saboda mijina, wannan ba zan ɓoye ba. Amma masu wuta suna yanke masa aikin nan sau biyu, sau uku a mako, ya yi tsaki ya koma farko, bai taɓa kai ƙararsu wurin kowa ba. Ni da na yi sau ɗaya, mahaifiyarsa ya je ya ɗauko.

Surukata tsohuwar malamar firamare ce, kuma babba a zumuntar mata ta cocinsu. Ta zo da jakarta da laimarta, ta zauna a kujera mai kyau, ta sa ni a gaba.

"'Yata, me ya same ki? Aikin nan shi ne abincin gidanku. Kin san irin mutanen da kika sa ya ji kunya a gabansu?"

"Mama, wari nake ji. Yarinya tana kwance a wurin."

"Kin ga wuta da idonki?"

"Ban gani ba."

"Kin ga hayaƙi?"

"A'a, Mama. Amma sai na gani tukuna zan tashi?"

Ta juya ta dubi ɗanta, shi ma ya dube ta, irin kallon da malamai biyu suke yi wa juna a kan ɗalibin da ba ya ganewa. Ta ce matsalata tsoro ce, haihuwar fari takan sa haka. Ta ce mu riƙe hannu. Ta yi addu'a mai tsawo, ta roƙi Ubangiji ya sa albarka a kan kayan sana'ar ɗanta, ya fitar da ruhun tsoro daga cikina, ya ba ni zuciyar biyayya. Na ce amin da baki. Awa guda ta yi a ɗakin, jikarta tana wasa a ƙafarta, amma ba ta miƙa hannu ta taɓa katakon nan ko sau ɗaya ba.

Bayan ta tafi, mijina ya tura kabad ɗin ya manne da bango har ya rufe soket ɗin, yadda hannuna ba zai ƙara kaiwa ba. Ya karkaɗe hannunsa kamar wanda ya gama babban aiki.

Daga ranar na koma gindin mangwaron tsakar gida. Da zarar ya kunna ya fita, sai in ɗauki tabarma da yarinya. A can take barci, idan ta samu ta yi, ƙuda yana bin bakinta, kaji suna tsallake ta. Ƙuraje suka feso mata a wuya. Ni kuma ina zaune ina fuskantar ƙofar ɗakinmu, ko wanke-wanke nake idona yana can. Maƙwabciyata mai toya ƙosai, wadda ta girme ni da kusan shekara goma, kullum sai ta tsokane ni.

"Mai gadi, an fito aiki? Wato inji ya karɓi ɗaki, ku kun koma haya a gindin mangwaro. Nawa mangwaron yake karɓa a wata?"

"Anti, bar ni da abin da yake damuna."

"Ni dai idan nawa ne, da tuni na jefa shi a rijiya na ce ɓarayi ne."

Na yi mako uku a haka. Sai ruwa ya sauka.

Wanda ya san Kafanchan ya san ruwanta ba ya sallama. Ranar da aka yi na farko mai ƙarfi, kafin in naɗe tabarma tsakar gida ta zama rafi. Ɗakin Anti a kulle, tana bakin titi. Na goya yarinya na tsaya a bakin ƙofarmu, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, feshin ruwa yana dukan fuskarta, injin yana ihu a bayana. Na ajiye bokitin yashi kusa da ni, domin na san ba a watsa wa wutar lantarki ruwa. Na dubi sama na lissafa: daga yanzu har Oktoba haka za a yi ta yi. Ba mangwaro kuma. Ko dai yarinyar nan ta kwanta kusa da abin nan, ko in yi ta tsayuwa da ita a bakin ƙofa wata shida.

A nan na tuna makulli na biyu. Yana ɗaure a bakin ɗankwalin aurena, a ƙasan akwati. Mijina ya manta kabad ɗin da makulli biyu ya zo, don bai taɓa ɗaukarsa a matsayin kayan wani ba.

Da na buɗe ƙofar, zafi ya bugi fuskata kamar an buɗe tandar gidan burodi. Na durƙusa da goyo ina kallo. Katakon baya, daidai inda fanka take hurawa, ya yi duhu, fentin ya kumbura ƙuraje-ƙuraje irin na wuyan 'yata. Can a kusurwa akwai wani farin kyandir da ya rage mini tun waƙoƙin Kirsimeti, na kafa shi a murfin kwalba na manta da shi. Ba wanda ya kunna shi, amma ya lanƙwashe kamar ƙugiya, kansa ya taɓa katako.

Ban taɓa waya ba, ban taɓa maɓalli ba. Na ɗauko gashin kaza a bakin ƙofa na riƙa kai shi kusa da injin ta ko'ina, in ga inda iska take bi. A baya, iska mai zafi ta ture gashin da ƙarfi. Amma ba ta da wurin zuwa, sai ta bugi katako ta hau sama ta dawo gaba, gashin ya nuna mini hanyarta sarai. A gefe kuma, inda ya liƙe da salatif, gashin bai motsa ba. Sai na kai idona kusa na ga salatif ɗin ya lotsa cikin kowane rami, kamar kumatun tsohuwar da ba ta da haƙori. Abin nan yana ja ne, yana neman ya shaƙa, an toshe masa.

Ni da murhun garin katako na girma. Ana danƙara garin a cikin gwangwani, a bar rami a tsakiya har sama, a bar wani a gefe ta ƙasa. Ta ƙasa iska take shiga, ta sama zafi yake fita. Ka toshe na ƙasan, ko ka kife tukunya ta rufe na saman ruf, sai hayaƙi ya cika maka ido. Tun ina 'yar shekara takwas na san wannan. Ga mai takardar kwaleji ya toshe na shiga, ya tare na fita, ya kulle, ya kwantar da 'yarsa a gefe.

Na bar ƙofar a buɗe har ruwa ya tsaya. Ihun ya ɗan ragu, ba sosai ba. Yarinya kuma da ta ga 'yar shuɗiyar fitila tana ƙiftawa sai ta fara zillo tana miƙa hannu. A wannan kam mijina yana da gaskiya, ba za a bar ƙofar a buɗe ba. Na ɗauke kyandir ɗin na kulle.

Washegari na biya wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da kwamfuta kusa da layin dogo, wanda ya ɗaure tabaransa da zare. Ba shi ne mai gyaran mijina ba, da gangan na zaɓe shi. Na gaishe shi na fara bayani. Bai ɗaga kai daga abin da yake liƙawa ba.

"Madam, ki ce wa oga ya kawo da kansa mana."

"Baba, oga ba zai zo ba. Oga ya karanta."

Ya ɗan murmusa. Sai na kwance bakin zanena na ajiye kyandir ɗin a kan teburinsa. Na ce a cikin kabad ɗin na same shi haka. Ya ajiye abin hannunsa, ya ɗauka, ya juya shi. Ya jawo mini benci.

Ya ɗauko wani tsohon fawa fak ya nuna mini. Ya ce aikinsa shi ne ya karɓi wutar bango ya mai da ita 'yar kaɗan yadda injin zai iya sha, kuma wannan aikin zafi yake haifarwa, shi ya sa yake da fankarsa. Ya ce a babban akwati akwai fili, amma a ƙarami komai a matse yake, zafin sauran kayan ma ta kansa yake bi. Idan sabuwar iska ba ta shiga ba, zafinsa yake sake sha.

"Baba, abu ɗaya na zo tambaya. Zai iya kama wuta?"

"Yawanci mutuwa kawai yake yi. Ya yi tas, ya yi hayaƙi, shi ke nan." Ya sake duban kyandir ɗin, ya dubi yarinyar da ke bayana. "Amma a cikin katako, da labule a kusa, ni ba zan rantse miki ba. Jikata ba za ta kwanta a wurin ba."

Ya ce a cire salatif, a sa raga idan tsaka ake tsoro, a ba iska ƙofar shiga da ƙofar fita, kada su fuskanci juna. Ya ɗaga yatsa ya ce abu ɗaya: kada in kuskura in kwance wannan ƙaramin akwatin ƙarfen, ko an zare waya yana riƙe wuta a cikinsa.

Na yi godiya na fito. Ya kamata in ji sanyi, amma raina ƙara ɓaci ya yi. Mako nawa ina faɗa da bakina, mutum uku ba wanda ya saurara, sai da kyandir ya yi magana.

Na yanke shawara ba zan ƙara kashe masa inji ba, kada a sake ɗauko mini addu'a. Zan jira masu wuta su kashe da kansu. Ranar ce ta farko a rayuwata da na roƙi Allah a ɗauke wuta. Kamar da gangan, kwana biyu tana zaune daram. A rana ta uku, mijina ya tafi ɗaukar biki a Zonkwa, ƙarfe ɗaya saura fankar sama ta tsaya, injin ya yi shiru.

Na ruga na kira Anti. Muka ja kabad ɗin daga bango, na zare waya. Na lura da ramin da kowace waya take shiga, na ɗaura musu zare kala-kala don kada in rikice. Na ciro kwamfutar na ajiye a kan gado, har lokacin da ɗumi kamar tukunyar da aka sauke. Anti ta riƙe yarinya, muka fitar da kabad ɗin baranda. Na hura gawayi na sa doguwar ƙusa a ciki har ta yi ja.

"Ke, kabad ɗin mamanki ne fa," in ji Anti. "Kin tabbata?"

"Shi da ya sa masa wuƙa ya tambaye ni?"

Na riƙe ƙusar da tsumma na fara hudawa. Katakon baya siriri ne, ƙusar tana shiga kamar cikin sabulu. Na huda rami kusa da rami a zagaye, daidai wurin da ya yi duhu, na buge tsakiyar da taɓarya, ya fita kamar faranti. Wannan ƙofar fita ke nan. Sa'an nan na koma jikin kabad ɗin ta gefe, can ƙasa, inda katakon yake da kauri. Nan ne na sha wuya. Kowane rami sai na mai da ƙusar wuta sau uku. Hayaƙin fenti yana shiga idona, hawaye yana zuba, Anti tana cewa sannu, hayaƙi ne. Ba hayaƙi kaɗai ba ne. Ina tuna mahaifiyata a gona tana kankare citta har yatsunta suka tsage, ni kuma ga ni ina ƙona abin da ta ba ni saboda namiji ya ƙi miƙa hannu ya taɓa katako.

Na ɗauko rariyata na yanke ragarta da almakashi gida uku. Ɗaya na buga a babban ramin baya da ƙananan ƙusoshi, ɗaya a kan ramukan gefe. Na ɓare salatif ɗin jikin injin, ga ƙura da gashin bargo sun taru a bakin ramukan, na share da tsohon buroshin haƙori. Na shimfiɗa yanki na uku a wurin, na liƙe bakinsa kawai da salatif ɗinsa. Muka mai da komai. Na juya injin yadda gefensa zai dubi ƙananan ramukan, bayansa ya dubi babban. Na sa gwangwanin madara biyu tsakanin kabad da bango don kada a sake manne su. Na mai da wayoyi, na kwance zaren, na kulle.

Wajen ƙarfe biyar mijina ya dawo. Warin ƙonannen fenti ya fara ji, sai gwangwanayen, sai ramukan. Ya buɗe ya ga babu salatif.

"Wa ya taɓa mini inji? Wa ya ba ki makulli?"

"Uwata ta ba ni. Ranar da ta ba ni kabad ɗin."

"Kin san abin da kika yi? Idan tsaka ta shiga fa? Ke za ki saya?"

"Nuna mini tsakar da za ta bi ta rariya."

Ya fara ɗaga murya, ya ce zai kira Mama. Na ce ya kira ta, ya kira fasto ma, ya kira shugaban kwalejinsu. Na kama hannunsa na danƙa masa kyandir ɗin.

"Wannan a cikin kabad ɗin ya kwana. Ba a kunna shi ba. Ga inda kan 'yarka yake, auna da hannunka. Ka ce ban karanta ba, to kai karanta mini wannan."

Ya tsaya yana kallonsa. Ni kuma bakina ya riga ya buɗe. Na ce ko injin ya zauna yadda na gyara shi, ko ya ɗauke shi ya kai ɗakin mahaifiyarsa ya kulle kusa da filonta, tunda ita ba ta da ruhun tsoro. Na ce idan na ƙara ganin salatif a jikinsa, ba zan zare waya ba, ni da yarinya za mu hau mota. Ban taɓa yi masa magana haka ba. Anti tana baranda tana share wurin da ba shi da datti.

Muna cikin haka aka kawo wuta. Ya kunna da fushi, ina jin so yake ta ƙi tashi. Ta tashi. Ya sa aikin da ya yanke, ya zauna ya harɗe hannu yana jiran ihun. Na dafa tuwo, na yi wa yarinya wanka, na dawo. Sautin bai wuce na safe ba. Na ga ya faki idona ya zura hannu bayan kabad ɗin, iska mai ɗumi tana fita ta ragar tana bin bango. Ya janye hannun ya ce miyar ta yi gishiri.

Bai ba ni haƙuri ba, har yau. Bayan wata guda na ji shi a tsakar gida yana gaya wa wani abokin sana'arsa cewa ƙaramin inji sai an yi masa hanyar iska, shi ya sa ya huda kabad ya sa raga. Ya huda! Ina zaune a wurin ina tsince shinkafa, da tabon ƙusa a babban yatsana. Surukata kuma da ta zo ta ga ramukan, abin da ta ce shi ne matan yanzu ba su san darajar kayan aure ba. Tankaɗe kuwa, wata biyu ina aron rariyar Anti.

Washegarin ranar da na yi hudar, aka tashi da ruwa tun hantsi. Ya kunna ya fita. Na shimfiɗe yarinya a kan gado, karo na farko cikin kusan wata guda, na zauna kusa da ita ban iya yin komai ba. Ina taɓa katako, ina taɓa goshinta, ina sake taɓa katako. Ta yi barcin awa biyu da rabi, baki buɗe, hannu a sama.

Na sayi sabon kyandir na kafa a kusurwar da tsohon yake, bai sani ba. Kowace Asabar nakan goge ragar da buroshi. Kowace rana kuma, kafin in kwantar da ita, sai na kwance bakin ɗankwali, na buɗe, na duba. Idan yana tsaye, ta kwanta.